Jan Zare da Baƙin Zare

Littafin Yagana ya iso hannuna ran wata Alhamis. Direban motar Yamai ne ya kawo shi har ƙofar gida, naɗe cikin leda biyu, a watan da ko gajimare ba a gani balle ruwa. Na sa tabarau na buɗe shafin farko, sai na ci karo da sunana. Da faransanci ta rubuta cewa ta sadaukar da aikin ga mahaifinta, malamin gona, wanda iliminsa ya ceci wannan tsiro a shekarar gudun hijira. Sau uku na karanta. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, wane tsoho ne ba ya son yabo? Amma daɗin bai kai la'asar ba ya koma mini ɗaci, don na san maganar ba haka take ba. Ku ukun nan, Aisa da Mamadu da ke Yagana auta, abin da uwarku ta faɗa muku shi kuka riƙe, ita kuwa asiri ta rufa mini. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ba mai harara ta in yi shiru, saboda haka ku saurara.

Kun san ni mutumin Damagaram ne. Aikin gona ya kawo ni ƙasar Boso ina saurayi, da jaka cike da takardu da kai cike da girman kai, wai na zo in koya wa mutanen bakin kogin Komadugu noman tattasai, su da suka gaje shi kaka da kakanni. A Barwa na ga Falmata, wadda kuke kira Ya, na aure ta, na zauna, har na ajiye aiki ban koma gida ba. Ranar da aka kawo ta, cikin kayanta akwai wani tsohon daro cike da laka. Na ɗauka mantuwa aka yi aka haɗo da shi. Ashe shi ne babban abin da uwarta ta ba ta.

A cikin daron nan tsiron yake. Da barbarci yana da sunansa, harshena bai taɓa iya shi ba, sai na raɗa masa ɗan-sanyi, sunan kuma ya bi shi. Saiwarsa dunƙulalliya ce kamar ƙaramar albasa. Dab da saukar damina yakan fito da kara guda mai furanni ruwan hanta, sannan ganye ya biyo baya. Da kaka ganyen ya bushe ya zube, ba abin da ke saura a sama sai ɗan wuyan saiwar. Idan yaro ya yi miki a baki ko a maƙogwaro har haɗiya ta gagare shi, Falmata takan tono guda ta gurza a kan dutse ta jiƙa. Ruwan sai ya yi yauƙi mai sanyi, wanda in ka ɗebo shi tsakanin yatsa biyu ka buɗe, zai miƙe taƙi guda bai tsinke ba. Irin tsiron yana fitowa da kansa a gindin goruba a bakin kogi, ido ba ya raba su, amma na dajin ruwansa tsararo ne, ba ya riƙe komai. Nata kuwa tun daga kakar kakarta ake raba shi daga uwa zuwa ɗiya, kowace saiwa da jan zare ɗaure a wuyanta don kada ta ɓace cikin na daji.

Shekara talatin muna gardama a kan wannan yauƙi, ba wanda ya ja da baya.

"Ƙasa ce, Falmata," nakan ce mata. "Wanda ya samu laka da ruwa ya yi yauƙi, wanda ya faɗa cikin yashi ya tsinke. Mun karanta wannan a lakkol, makarantar koyon aikin gona."

"Gado ne, Malam. Daga uwa yake fitowa."

"Tsiro ne fa, ba mutum ba."

"To kai shekara nawa kana shan ruwan Komadugu? Ka zama Babarbare?"

A nan gardamar takan tsaya, don ku yara kukan fashe da dariya, ni kuma in ɗauki buta in ce lokacin salla ya yi.

Shekarar da zaman Barwa ya gagara, ba sai na tuna muku dalili ba, kowa a ƙasar nan ya san nasa rabon a ciki. Da hantsi muka fito. Mai babbar motar da ta kwashe mu ya ce kowa kaya ɗaya, ba ƙari. Ni na rungumi jakar takarduna. Na waiwaya ina jiran in ga Falmata da keken ɗinkinta, wanda da shi ake rufa rabin asirin gidan, sai ga ta da daron laka a ka, saiwa bakwai a ciki. Raina ya ɓaci, na yi mata magana a gaban mutane, abin da ban saba ba.

"Jama'a na ɗaukar abin da za su ci, ke kina ɗaukar ƙasa?"

"Keke akwai shi a kasuwar Diffa," in ji ta, ba ta ko ɗaga murya ba. "Wannan fa, a wane kanti?"

A lokacin ban fahimce ta ba. Sai daga baya na gane kabarin uwarta muka bari a Barwa, ba mu san ranar da za mu sake ganinsa ba, daron nan kuma shi kaɗai ne abin uwarta da ke iya hawa mota.

A Gagamari muka sauka. Muka kafa ɗakin zana muka rufa tanti a kai, maƙwabtanmu rabi mutanenmu ne, rabi daga hayin kogi suka tsallako, kowa da Hausarsa da barbarcinsa. Abin da ya fi ci mini rai ba yunwa ba ce, zaman banza ne. Mutumin da a da in ya shiga garka ake cire masa hula ana tambayarsa dabara, ga shi yau a layin rabon abinci yana jiran a kira lambarsa. Wani bawan Allah mai garka a kusa da kogi ya ji tausayina ya ba ni fangali biyu in yi tattasai. Na kama su kamar wanda aka ba sarauta. Ina faɗa muku wannan ne don ku san halin da zuciyata take ciki, ba don in wanke kaina ba. Ina neman abin da zan gyara a ce ni na gyara.

Da rani ya tsaya, Aisa ta haihu a cikin garin Diffa, Falmata ta tafi zaman jego na kwana arba'in. Kafin ta fita ta ja daron ta tura shi inuwar zana ta ɗora masa tsohon faifai.

"Malam, kar ka taɓa shi. Kar ka ba shi ruwa. Barci yake."

Na ce to. Bayan mako guda na ɗaga faifan. Lakar ta bushe ta tsage, ba ganye, ba alamar rai, sai wuya bakwai da jan zarensu. Duk abin da na koya a rayuwata ya tashi ya ce mini wannan shuka tana mutuwa, ga kuma malamin gona zaune kusa da ita ya naɗe hannu. Na ce a raina, tsiron da ya saba da bakin kogi an kawo shi tudu, ƙishirwa za ta kashe shi, matar nan ta dawo ta yi kuka. Can ƙasan wannan tausayin kuma akwai wani abu da ban so in duba ba a lokacin: ina so ta dawo ta tarar da ganye kore shar a tsakiyar rani, in ce mata, kin gani, ƙasa ce da ruwa.

Na tono biyar na kai garka. Na gyara musu wuri a gefen tattasai, na zuba takin zamani, kullum in an tada injin ban ruwa su ma su sha har su ƙoshi. Biyu na bari a daro, ba don tsoron Allah ba, ba don maganarta ba. A lakkol an koya mana in za ka gwada abu ka bar wani ba ka taɓa ba, muna ce masa temwan, wato shaida, don ka samu abin kwatantawa. Na bar su ne su bushe a gabanta su zama hujjata. To, Yagana, ga iyakar abin da ilimina ya yi a wannan labari, kuma ko shi da mugun nufi ya yi shi.

Mako uku ina leƙe ban ga tsiro ba. Ran da na kasa haƙuri na sa yatsa na tona, sai yatsan ya nutse cikin wani abu mai laushi. Wari ya bugo ni. Duka biyar sun ruɓe, sun zama kamar albasar da ta kwana biyu cikin ruwa, ba abin da ya saura da kamanninsa sai jan zaren. Na zauna a bakin fangalin nan na daɗe. Garin neman gira na rasa ido. Da na tsaya a nan, da kuskure ne kawai, irin wanda kowane ɗan Adam ke yi. Amma ban tsaya ba. Ran kasuwa na shiga Diffa, ban ko biya ta gidan Aisa ba don kada mu haɗa ido da uwarku, na nemi wani mai sayar da saiwoyi, na kwatanta masa. Ya zazzage buhu ya fito da su, na daji, waɗanda aka tono a gindin goruba. Na zaɓi biyar masu girman na Falmata. Na wanke zaren nan na shanya, na ɗaura wa kowace a wuya, na binne su a daro, na shafe lakar na mayar da faifai. Har ina yaba wa kaina iya aiki.

Da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi inuwar zana. Ta ɗaga faifan ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Ni ina daga bakin ɗaki ina jan carbi, ban san abin da nake karantawa ba. Can ta mayar da faifan ta miƙe.

"Sannu da tsaro, Malam."

Wannan sannun ya fi mari zafi, amma na ce a raina na tsira. Wata guda muka yi a haka, tana dafa mini abinci, tana ba ni labarin jariri, ni kuwa ko tuwo na kai baki sai in ji kamar da yashi a ciki.

Zafin bazara ya kawo ƙyanda cikin zangon. Maƙwabciyarmu Ya Kaltum, wadda ta tsallako daga hayi da ɗiyarta guda ɗaya tak da ta rage mata, Bintu, yarinya ƴar shekara uku, ita ma abin ya shiga ɗakinta. An kai yarinyar likita, an duba ta, an ba da magani, ƙurajen jiki suka fara kwanciya. Amma bakinta da maƙogwaronta duk miki ne, ko ruwa aka ɗiga mata sai ta ƙanƙame ta yi ihu, maganin ma ba ya wucewa. Da azahar Ya Kaltum ta shigo da ita a kafaɗa, leɓen yarinyar ya bushe ya tsage.

"Ya Falmata, an ce kina da wani abu. Don Allah. Ita kaɗai gare ni."

Falmata ta karɓi yarinyar ta ɗora a cinya. Ta saba ita ke tonon saiwarta da hannunta, ko ku ƴaƴanta ba ta yarda ku sa hannu a daron ba. Ran nan sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Malam, hannuna ba sarari. Tono mini ɗaya."

Na je na ɗaga faifan. Wuya bakwai, jan zare bakwai. Na san biyar ɗin da na binne, na san biyun da ke can gefe. In na tono cikin biyar, asirina ya rufu na ɗan lokaci, a ba yarinyar mutane ruwan banza. In na tono cikin biyu, yarinya ta samu abin da ake nema, amma gadon kakar kakarta ya koma saiwa ɗaya tak, ita kuma tana zaton shida suka rage, wata rana ta tono ta ƙarshen ba ta sani ba. Ina durƙushe ina jin numfashin yarinyar nan a bayana. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ban taɓa jin tsoro irinsa ba, har ran da muka bar Barwa. Na dawo hannu wofi na tsuguna a gabanta, a gaban baƙuwa, ni da furfurata.

"Falmata, biyu ne kawai naki. Biyar ɗin na daji ne. Na kai naki garka na ba su ruwa suka ruɓe, na sayo waɗannan na ɗaura musu zarenki."

Tana shafa kan yarinyar ta ce:

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tun ran da na dawo. Ɗaurin uwata sau biyu ake zagayawa a soke ta ƙasa. Kai ka yi musu irin ɗaurin da kake wa takardun ofis. Jira nake in ga ranar da za ka gaya mini. Tashi ka tono ta hannun dama, ita ta fi girma."

"In an tono ta saura ɗaya fa."

"Ita ma Kaltum ɗaya gare ta."

Na tono. Ta gurza ta jiƙa, ta ɗebo da yatsa biyu ta buɗe, yauƙin ya miƙe taƙi guda yana sheƙi. Da cokali ta riƙa ɗiga wa Bintu kaɗan-kaɗan. Cokali na farko yarinyar ta yi kuka, na uku ta haɗiye shiru. Kafin la'asar ta sha maganin likita, washegari ta sha kunu. Ban ce ɗan-sanyi ne ya warkar da ita ba, likita ya yi nasa, Allah kuma shi ne mai warkarwa. Abin da na gani da idona shi ne ya buɗe hanya. Bintu yanzu ta yi girma, in ta wuce ta ƙofar nan da tulu takan tsaya ta gaishe ni.

Da Ya Kaltum ta fita na ɗauki daron zan tone na dajin in watsar. Falmata ta hana.

"Bar su. Su ma raba su aka yi da wurinsu, kamar mu. Laifin me suka yi?"

Ta kwance musu jan zaren, ta yago baƙi daga gefen tsohon zanenta ta ɗaura musu, ta ce waɗannan na Malam ne. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Amma na ga abin da ya fita daga idonta. Duk daminar nan ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba, ba ta tambaye ni ko na zama Babarbare ba. Gidan ya yi mini faɗi. Kowace safiya nakan gan ta durƙushe a kan saiwa ɗayan nan tana duba ko ta yi toho, in kau da kai in wuce. Sai da karan fure ya fito, sai da ganye ya biyo, sai da kaka ta zo ta tona ta ga saiwar ta yi ƴaƴa biyu, sannan wata rana ta miƙo mini faifan.

"Ga aikinka na rani, malamin gona. Ka zauna kusa da shi, kar ka yi komai. In ka iya wannan ka gama karatu."

Ranar na san an yafe mini.

Ke Yagana kina jami'a a lokacin. Da kika zo hutu kika ga zare kala biyu a daro guda kika tambaya, sai uwarki ta ce miki babanki ne ya samo wani iri don gwaji, kuma shi ya tsare daron lokacin da take gidan Aisa. Ina zaune ina ji ban ce uffan ba, wannan kuma laifina ne na uku. Ke ce kika lura cewa ga su a laka ɗaya, ruwa ɗaya, inuwa ɗaya, shekara da shekaru, amma mai jan zare bai fasa yauƙinsa ba, mai baƙi kuma bai koya ba. Kika ce tsiron dangin wani fure ne da masana ke kira orkide, kika roƙi ƴar saiwa daga kowanne kika tafi da su. Na tuna ran da kika kira a salula, na buɗe murya don uwarki ta ji, kina bayani cewa yauƙin wani irin sukari ne da tsiron ke ƙullawa dogo-dogo kamar igiya, kuma akwai ƙwayoyin gado a jikinsa da ke ba da umarnin ƙulla shi. Kika ce duka biyun suna da su, amma a na jan zare sun fi tashi aiki, kuma haka kowace saiwa ke miƙa wa ɗiyarta. Falmata ta saurara har kika gama, tana tsinke zogale a faranti.

"Wato gado ne?"

"Gado ne, Ya."

"Ikon Allah. Sai da aka je Yamai aka sa farar riga kafin a ji abin da na faɗa a tsakar gida." Ta juyo ta dube ni, idonta na dariya. "Malam, ko akwai sauran bayani daga lakkol?"

Na ce lokacin salla ya yi. Ta yi dariya har da tari. Ba ta ga littafin ba, Allah ya karɓi abarsa kafin a gama shi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Yanzu daro uku ne a inuwar gidan nan na Diffa da muka koma bayan zaman zango, biyu na ja, ɗaya na baƙi. Duk na jan nan daga saiwa ɗayan da ta rage suka fito. Aisa, naki yana jiranki, haka al'adar take, daga uwa zuwa ɗiya, ke ma Yagana haka, ku zo in nuna muku ɗaurin, na koya daga baya, sau biyu ake zagayawa a soke ta ƙasa. Rani ne yanzu da nake wannan rubutu. Lakar ta tsage, ba ganye, ba alamar rai. Har yau in na zo wucewa da buta hannuna yakan yi ƙaiƙayi, sai in ji muryarta, in wuce. Ina kewarta ƙwarai, kuma a kusa da daron nan na fi jin sauƙi.

Saboda haka, Yagana, in za a sake buga littafin nan, ki gyara shafin farko. Ki sa Falmata ta Barwa, wadda ta bar kekenta ta ɗauko laka, ta ba da rabin abin da ya rage mata don ɗiyar maƙwabciya, ta kuma rufa wa mijinta asiri har ta koma ga Allah. In kin ga lalle sai sunana ya shiga, akwai wurinsa. Can ciki, inda kika jera sunayen irin da kika gwada, ki rubuta shi a gaban baƙin zare.